Gishirin Inna a Birnin Miyar Lami

Da sunan Allah, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya danne ta da duwatsu, ya ba teku gishiri ya hana kogi, ya halicci mai zama ya halicci mai yawo. Tsira da aminci su tabbata ga shugaban talikai. Bayan haka, ni ne Mantau ɗan Arzika, mutumin Tasawa, jikan fataken Bilma. Na sha ruwan ƙasashe da dama, na kwana a shimfiɗar sarakuna, na kwana a kan gidan tururuwa. Amma idan aka tambaye ni inda na fi shan mamaki, sai in ce birnin Zarbala, inda na iske 'ya'yan sarki suna tsoron miya fiye da takobi.

Abin da ya fitar da ni daga gida wani ɗan dutse ne shuɗi da na gani a zoben wani Balarabe. Ya ce sunansa lazuwardi, kuma a duwatsun gabas, tsakanin Hurasan da Hindu, haƙo shi ake yi kamar gwaza. Tun ranar zama ya gagare ni. Inna ta yi faɗa, ta yi kuka, ta kai ƙarata wurin kawunnaina. Da ta ga ƙafar ta riga ta yi ƙaiƙayi, sai ta fasa kantun gishirin da ubana ya bari, ta ƙulle mini wani gutsure kamar dunƙulen hannu a cikin tsumma.

Ta ce, "Ungo. Duk ran da kewar gida ta kama ka, ka lasa. Ran da ya ƙare kuwa, ko kana bakin ramin dutsen naka ne, ka juyo. Yi mini alkawari, Mantau."

Na yi mata. Ni kuwa da ɗan wayona, sai na ƙudura ba zan lasa ba sai ta kama dole, don kada ya ƙare in koma da wuri. Shekaru na yi ina sansanar tsumman kawai.

Na ƙetare tekun da kifayensa ke bin jirgi don su ji faɗan matuƙa. Na ratsa ƙasar da iskarta ta yi ƙarfin da sai an ɗaura wa kaji tsakuwa a ƙafa, in ba haka ba maƙwabcin gari ne zai ci ƙwan. Na ga tumakin da wutsiyarsu ta yi kitse har ana ɗaura musu 'yar amalanke su ja ta. A hanya na tsinci harshen mutanen gabas a bakin fatake, irin tsintar kaza. Sau ɗaya 'yan fashi suka tare ni, suka zazzage jakata, suka kwance ƙullin Inna. Da suka ga abu ruwan ƙasa, mai kama da ɓaraguzan katanga, sai babbansu ya dube ni cikin tausayi ya ce, "Wayyo, wannan talaka ƙasa yake ci." Suka ba ni gurasa da busasshen nama, har suka raka ni.

Daga nan na shiga duwatsun ƙasar Kohzamin, na hau wani mashigi da ake kira Kashe-Baƙo. Na ɗauka suna ne kawai. Ina tsakiyarsa ƙanƙara ta fara zuba, fara tas, mai laushi kamar auduga. Ni da ban taɓa gani ba har tsayawa na yi ina yaba kyanta. Kafin in farga na zurma cikin wani rami har wuya, babu abin da ya rage a waje sai malfata, irin mai faɗin nan ta mutanenmu. Na yi kalmar shahada, na nemi gafarar Inna daga nesa.

Can sai na ji an ɗaga malfar. Na ga wani mutum mai faɗin fuska da manyan idanu masu dariya yana leƙo ni.

Ya ce, "Subhanallahi! Na ɗauka murfin kwando na tsinta, ashe har da kwandon."

Ya jawo ni da igiyar jakinsa, ya kai ni wani kogo, ya hura wuta. Jakin yana ɗauke da buhunan kashin tantabara, wanda ya ce a kogunan dutse yake tarawa don takin kankanarsa. Sunansa Zargun. Da ya ga kunnuwana sun sandare, sai ya warware rawaninsa, baƙi mai zaren azurfa a gefe, ya naɗa mini. To, mu a gidanmu ba a karɓar kyauta a tashi haka nan. Ba ni da abin bayarwa sai malfa, sai na ɗora masa ita a ka.

Mutumin ya shafa malfar a kansa. Sannan ya tuntsire da dariya har jakin ya firgita.

Ya ce, "Baƙo, ka san abin da ka yi?"

Na ce, "Tukuici na bayar."

Ya ce, "A ƙasar nan, duk mutum biyun da suka yi musayar abin da ke kansu sun zama kai ɗaya har mutuwa. Ɗan'uwan jini ba a shawarce ka ba aka ba ka shi, kana iya faɗa da shi. Ɗan'uwan rawani kuwa kai ka zaɓa, abin da ya taɓa shi ya taɓa ka. Barka da zuwa, ɗan'uwa. Ka zama ɗan'uwan autan Sarki Sarbuland."

Na dubi buhunan kashin tantabara, na dube shi. Na ce a raina sanyi ya taɓa wa bawan Allahn nan ƙwaƙwalwa.

Ashe gaskiya ya faɗa. Muna sauka gindin dutse wani makiyayi ya faɗi gabansa yana kuka, ya ce sarki ya rasu tun yana can sama. Zargun ya zauna a ƙasa ya yi kukan ubansa, ni ma na taya shi, don ba na iya ganin babba yana kuka in kame. Da ya share fuska sai ya ce in cire rawanin in ɓoye a ƙasan jaka, in sa hular makiyayin, in shiga birni cikin ayarin fatake kamar ban san shi ba.

Na ce, "Don me?"

Ya ce, "Ina da yayye biyu, Toryal da Sangin, kowa na son gadon. A nan makaho ba ya sarauta, saboda haka wanda ya hau yakan sa wa 'yan'uwansa kwalli."

"Kwalli kuma? To ai abin ado ne."

"Da tsinken da aka gasa a wuta, ɗan'uwa."

Na ce, "To mu juya mana! Ga hanya, ga jaki."

Ya ce, "Ubana ne ya mutu, dole in tsaya a kabarinsa. Kuma in na gudu wa zai shayar da kankanata?" Ya gyara malfar a kansa, tun da namiji ba ya shiga garinsu da kai a buɗe, ya kora jakinsa.

Ina cikin fatake na ga abin da ya faru a ƙofar birnin Zarbala. Dakaru suka kewaye shi. Wani dogon tsoho siriri, bushasshe kamar karan dawa a rani, ya fito yana murmushin da bai kai ido ba. Shi ne Waziri Lawang, mai riƙon gari har a gama zaman makoki. Ya ce, "Sannu da zuwa, ɗan sarki. Ina rawanin gidanku? Wannan hular kuma ta wace rundunar abokan gaba ce?" Zargun ya ƙi faɗin mai hular, don kada ya tona ni. Aka wuce da shi kurkuku, jakin yana bin su a baya.

Na sauka a masaukin wata gwauruwa, Bibi Falwasha, mace mai jiki da baki, wadda ba ta iya riƙe labari ko na minti ɗaya. Ta kawo mini shinkafa da naman rago da zabibi, ƙamshi kamar ya ɗauke ni. Na kai loma. Wallahi da na tauna rawanin da ke jakata da ya fi daɗi. Lami ce salam, ko ɗigon gishiri babu.

Na ce, "Bibi, an manta da wani abu a tukunyar nan."

Ta waiga hagu da dama, ta ce, "Rufa mini asiri, ɗana, kada ka ambaci sunansa da ƙarfi! Ba ka san inda kake ba? A Kohzamin ba a sayar da gishiri, kyautarsa ake yi. Wanda kuwa ya ci gishirin mutum ba ya ƙara ɗaga masa hannu ko ya ba da umarnin a taɓa shi, shi da ɗan'uwan rawaninsa, har abada. Wanda ya karya wannan, ko uwarsa ba ta amsa sallamarsa. Da can duk gishirin sarki muke ci. Yanzu ya mutu, gishirinsa ya mutu da shi. Toryal da Sangin kowa na neman ya zurara wa ɗan'uwansa nasa a abinci, ya ɗaure shi. Mu ma talakawa tsoro muke ji, kada ka ci na wannan, gobe wancan ya hau. Sai kowa ya haƙura da lami har a naɗa sabon sarki."

Na ce, "Zargun fa? Ba wanda ya taɓa cin nasa?"

Ta ce, "Wannan? Kankana kawai yake rabawa, kankana kuwa ba ta ɗaure kowa. Shi ya sa mutane ke sonsa, shi ya sa kuma Waziri ya fara da shi. Ya ce wa Toryal gadon naka ne, ya ce wa Sangin gadon naka ne, amma a fara kawar da mai lambu. Ranar sadakar arba'in za a yi jirga, taron dattawan ƙasa, a nan za a sa masa kwalli."

Na zauna na yi tagumi. Idanun da suka hango malfata a cikin ƙanƙara su za a tsiyaye, ni kuwa ba takobi, ba dangi, ba ko jaki. Baƙin ciki ya taso mini, kewar gida ta biyo baya, sai na kwance ƙullin Inna don in lasa. Bibi Falwasha ta ga abin, ta shaƙi iska, ta dafe ƙirji.

Ta ce, "Na wane ne?"

"Nawa ne, daga ƙasarmu."

"Na baƙo! Gishirin baƙo ai ba ya cutar da kowa. Gobe ka bi ayari ka tafi, wa ya damu in an ɗaure da kai? Ɗana, don girman iyayenka, ɗan barbaɗa mini."

Na tsaya da gishirin a hannu, maganarta tana juyawa a kaina. Shi da ɗan'uwan rawaninsa, ta ce. Na dubi jakata. A karo na farko tun ƙofar birni na ji yunwa.

Na barbaɗa mata, sannan na ce, "Bibi, wannan sirri ne, kada ki gaya wa kowa." Na san wadda na gaya wa. Kafin la'asar labarin ya kai fada.

Toryal ne ya fara aiko a ɗauko ni. Ƙato ne, gemu har ƙirji, murya kamar ganga, amma lami ta rame shi har ɗamararsa na zamewa. Na iske shi gaban rago guda gasasshe, yana harararsa kamar abokin gaba.

Ya ce, "Kai ne mai abin?"

Na durƙusa na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe. Sai dai amanar tsohuwata ce, ba na rabuwa da shi. In dai ɗan barbaɗe ne da hannuna, wannan mai sauƙi ne."

Ya ce, "Barbaɗa! In na ɗauru da kai sai me? Dama wa zai ɓata takobi a kan irinka?"

Na kankare, zuciyata na ƙuna, don kowane ɓarɓashi kamar ina kankare kwanakin yawona ne. Ya ci ragon nan har ya tanɗe ƙashi, hawaye na bin gemunsa. Da ya yi gyatsa sai ya jawo ni kusa, ya damƙa mini wani jan ƙulli.

Ya ce, "Ƙanena Sangin zai kira ka, na san kwaɗayinsa. Wannan nawa ne. Ka zuba masa a maimakon naka. Ranar jirga ka ba da shaida, in yi maka riga. In ka ƙi kuwa..." Sai ya tuna ya riga ya ci, ya rasa abin da zai yi mini barazana da shi. Ya ce, "In ka ƙi, ba zan ji daɗi ba."

Washegari Sangin ya kira ni. Shi ɗan siriri ne mai sanyin murya, yana magana yana shafa wata kyanwa mai dogon gashi. Bai yi gaggawa ba. Ya juya gishirin a tafin hannuna, ya sansana, ya dube ni.

Ya ce, "Malam baƙo, kana da dangi a ƙasar nan?"

Na ce, "Allah ya ja zamaninka, uwata tana Tasawa, ubana yana kabari. Daga nan har bakin teku babu mai jinina ko ɗaya."

Ya ce, "Ka rantse?"

Na rantse, kuma ban yi ƙarya ba. Maganar rawani ko kusa ba ta zo masa ba. A tunaninsu wane ɗan gari ne zai haɗa kai da matsiyacin baƙo mai hular aro? Ya ci, ya lumshe ido, har kyanwar ya ɗanɗana wa. Sannan ya zaro wani koren ƙulli daga hannun riga, ya ce, "Lala, wato yayana Toryal, yana sake kiranka, ko ba haka ba? Kai mai hankali ne, ba sai na yi dogon bayani ba."

Na karɓa na sa a aljihun hagu, tun da na yayansa yana na dama.

Haka na yi ta zirga-zirga tsakanin gidajen biyu, kowa yana ƙifta mini ido, ina ƙifta masa. Suna ƙiba, gishirin Inna yana ramewa. Daga dunƙulen hannu ya koma kamar goro, daga goro ya koma kamar gyaɗa.

Saura Waziri, kuma shi ne ƙashin wuya. Na kai masa gaisuwa da soyayyar kaza da ta ji barbaɗe. Ya yi murmushin nan nasa ya ce, "Na gode, baƙo. Ni tun ina saurayi na bar cin abin da hannun wani ya taɓa." Ya ɗauki dafaffen ƙwai ya ɓare da kansa. Bibi Falwasha ta ce shi ke nan abincinsa, ƙwai cikin ɓawonsa, tun zamanin kakan Zargun. Sarakuna sun zo sun wuce bai ɗauru da ko ɗaya ba, shi ya sa duk wanda ya faɗi, Lawang na tsaye. Na fito daga gidansa jikina a sanyaye, na cinye kazar a hanya don takaici.

Ranar jirga aka taru da hantsi ƙarƙashin wata babbar bishiya a filin fada. Dattawa suka zauna da'ira, babbansu Kaka Gulbaz a tsakiya, tsoho tukuf mai farin gemu, wanda ake zaton yana gyangyaɗi alhali ba abin da ke wuce shi. A gefe ga kasko cike da garwashi, tsinke a ciki ya yi ja wur, mai tsinken yana tsaye a kai. Aka kawo Zargun a ɗaure, malfata a kansa. Ya rame, amma da ya hango ni cikin jama'a sai ya ɗan ɗaga gira.

Waziri ya miƙe ya ce, "Ya dattawan Kohzamin, ku dubi kan wannan. Ubansa na jinya ya hau dutse, ya dawo ba rawanin gidansu. Wa ya ba wa? Jingina ya yi wa abokan gaba, suka ba shi wannan faifan ya zama alama tsakaninsu. In ƙarya nake, ya fito da rawanin. Ba abin da ya rage sai yayyensa su ba da izini."

Toryal ya yi wuf ya tashi. "A sa masa, a gama! Kuma kada a wahalar da dattawa, gado nawa ne. Sangin ya ci gishirina, ina da shaida."

Sangin ya yi 'yar dariya ya ce, "Haba Lala, zauna kada ka ji kunya. Kai ne ka ci nawa, har kana neman ƙari. Ina baƙon nan?"

"Baƙon ai shaidata ne!"

"Nawa dai."

Aka turo ni tsakiyar fili. Na gaida dattawa, na sa hannu a aljihun dama na fito da jan ƙulli, na sa a na hagu na fito da kore, na ajiye su gaban Kaka Gulbaz. Ko wanne da ɗaurinsa yadda aka ba ni.

Toryal ya yi ruri ya zaro takobi. Kaka Gulbaz ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Toryal, ɗana, in ba ka ci na ƙanenka ba, shi ma bai ci naka ba, to na wa ya mayar muku da kumatu haka?"

Takobin ya tsaya a sama, sannan ya sauko a hankali ya koma kube. Jama'a suka fara ƙus-ƙus.

Sangin ya haɗiye fushi ya ce, "Shi ke nan, baƙo ya ci bulus, ba mai taɓa shi. Ya tafi da wayonsa. A ci gaba da maganar mai lambu."

Na ce, "Allah ya ja zamaninka, saura kaɗan. Waziri ya yi tambaya, bai kamata a bar babba ba amsa." Na cire hular makiyayi, na zaro baƙin rawani mai zaren azurfa daga jaka, na naɗa. Naɗin bai yi kyau ba, amma ba wanda bai gane shi ba. Na ce, "Malfar can tawa ce, saƙar Tasawa. A Kashe-Baƙo muka yi musaya."

Daga can baya sai muryar Bibi Falwasha ta tashi: "La ilaha illallahu! Ashe ni ma na ɗauru!"

Kaka Gulbaz ya ce, "Kai ɗaya ne. Wanda ya ci na baƙo ya ci na Zargun. Toryal, Sangin, izininku ya faɗi."

Na ɗauka an gama. Ashe Waziri bai sare ba. Ya tako a hankali ya ce, "A nuna mana gishirin." Na kwance tsumma. Abin da ya rage bai fi ƙwayar wake ba. Ya nuna wa jama'a shi da tsinin sandarsa, ya ce, "Wannan? Gishiri fari ne ko ja-ja, kowa ya sani. Wannan ɓaraguzan katanga ne. An yaudari 'ya'yan sarki da ƙasa, ƙasa kuwa ba ta ɗaure kowa."

Dattawa suka fara gyaɗa kai, don gaskiya bai yi kama da nasu ba. Mai tsinke ya gyara tsayuwa. Na ce, "To a ɗanɗana mana."

Kai, ban taɓa ganin hannuwa sun tashi sama haka ba. Dattawa, dakaru, har mai tsinken, kowa na cewa shi zai sadaukar da kansa. Kaka Gulbaz ya buga sanda ya ce, "A jirga mai musu shi ke gwaji. Lawang, ko ka ɗanɗana, ko ka janye a aske maka gemu a kan ƙarya gaban dattawa."

Waziri ya shafa gemunsa. Na ga lissafin a fuskarsa: zai sa a baki, ya tofar, ya ce ƙasa ce. Ya ɗauka da yatsu biyu ya ɗora a harshe.

Allah sarki, harshen da ya shekara da shekaru bai san komai ba sai ƙwai! Bakinsa ya motsa zai yi magana, maganar ta ƙi fita. Idanunsa suka ciko. Muna kallo maƙogwaronsa ya yi sama ya yi ƙasa. Sannan cikin wata 'yar murya kamar ta yaro ya ce, "Akwai saura?"

Dariyar da aka yi ranar har tantabarun fada sai da suka tashi.

Ba a daɗe ana shawara ba. Mutum ɗaya ne a gidan sarauta da ba mai iya ɗaga wa hannu, sai aka kwance shi aka zaunar a kan shimfiɗar ubansa. Dattawa suka kawo sabon rawani, ya ce a naɗa a kan malfar. A nan dariya ta ɗauke, don kowa ya tuna kaskon yana nan, kuma sabon sarki bai ci na kowa ba. Toryal ya yi fari fat. Sangin ya rufe idanunsa da tafin hannu. Mai tsinke ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, da wa za a fara?"

Zargun ya ce, "Ɗan'uwa, miƙo mini ƙullin nan biyu."

Na miƙa. Ya kwance jan, ya ɗiba ya watsa a baki. Ya kwance koren, ya ɗiba ya watsa. Ya yamutsa fuska ya haɗiye, ya ce, "Lala Toryal, naka ya fi ɗaci. Ku buɗe ido, ba abin da zai same su." Sannan ya dubi mai tsinke ya ce, "Kada wutar nan ta tafi a banza, a kawo nama."

Toryal ya rungume shi har malfar ta karkace, yana kuka kamar sa. A kan kaskon nan na koya wa mutanen Zarbala tsire. Waziri Lawang ya ci tsinke ya fi a ƙirga, daga baya aka ba shi kula da rumbun gishiri, aikin da ya riƙe da amana don ba ya son nisa da wurin.

Da aka natsa, sarki ya ce mini, "Ramin lazuwardin da ka baro gida dominsa yana bayan wancan dutsen. Gobe in kai ka da kaina, ka zauna tare da mu, in ba ka lambu."

Na zaro tsumman Inna na kakkaɓe. Ko ƙura babu. Na daɗe ina kallon dutsen, ga shi nan kamar in miƙa hannu in taɓa, kuma ba zan ɓoye ba, raina ya so. Na ce, "Ranka ya daɗe, ya ƙare. Na yi wa tsohuwa alkawari."

Bai roƙe ni ba, ya san nauyin abin da aka ɗaura da gishiri. Ya ba ni irin kankana, da curin gishirinsu ja-ja in kai wa Inna, da wani shuɗin dutse daga taskar ubansa. Dutsen yana nan, da shi Inna ke danne faifan tulu.

Ya rako ni da kansa har Kashe-Baƙo, a kan jakin nan, lokacin ƙanƙara ta narke. Muka yi sallama a bakin ramin da ya tsince ni. Na gangara, ina tafe ina share hanci da jelar rawani. Da na yi nisa na waiwaya, sai na hango shi tsaye a kan dutse, ya ɗaga gefen malfa da hannu don rana. Na ƙara tafiya na sake waiwayawa, ya zama ɗan ɗigo. Na ɗaga hannu kaɗan, don gwaji kawai.

Nan take ya ɗago nasa. Daga can nesa ya gan ni.

Iyakar abin da na gani a Zarbala ke nan. Wanda ya ce da ƙari a ciki, ya zo gida, Inna ta ɗanɗana masa jan gishirin, amma ya sani in ya lasa ba shi da sauran bakin musu da ni. Godiya ta tabbata ga Allah mai mayar da matafiyi gida.